Firinta Tana Falo, Kwamfuta Tana Ɗaki, Sun Kasa Ganin Juna

Manhajojin Absher da Nusuk sun kwashe harkoki da yawa sun zuba cikin waya, amma takarda ba ta mutu ba a Jidda. Ɗan kasuwar da ke tura kaya Kano yana son rasit a hannu, baƙon da ya zo Umara yana son a buga masa biza da tikiti, yara kuwa tun da aka koma karatu daga gida ta manhajar Madrasati a 2020 suka saba da buga aikin makaranta. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a gidan Bahaushe, a Karantina ko Hindawiyya, a iske firinta ɗaya tana yi wa kwamfutoci biyu ko uku hidima. Ranar da ta yi gardama sai a sungume ta a nufi titin Khalid bin Walid inda shagunan kwamfuta suke. Mai gyara ya jona ta, ta fitar da takarda fes. A dawo gida, ta sake yin gum.

Galibi lafiyarta ƙalau. Hanyar da saƙo yake bi zuwa wurinta ce ta toshe, kuma sau da yawa ginin gidan ne mafarin abin. Benayen Jidda kankare ne da rodi, wayifai ba ya ratsa su da daɗi. Akwatin intanet na STC ko Mobily, wato rawuta, yana can bakin ƙofa, ɗakin ƙurya ba ya samun komai, sai maigida ya sayo rawuta ta biyu ya jona. Kowa ya samu intanet, an huta. Abin da ba a lura ba shi ne sabuwar rawutar ta kafa nata zauren daban, tana raba wa na'urorin da suka kama ta wasu lambobi na kanta. Firinta tana kan ta farko, laftof tana kan ta biyu, rufi ɗaya amma unguwa biyu.

Gane wannan ba ya ɗaukar minti biyar. A buɗe Command Prompt a kowace kwamfuta a rubuta ipconfig, sannan a sa firinta ta buga shafin bayanan sadarwarta. Idan ɗaya ta nuna 192.168.100.7 ɗayar kuma 192.168.0.12, to ga ɓarawon nan: a gida irin wannan, rukunin lambobi uku na farko dole su zo ɗaya. Maganin shi ne a shiga saitin rawuta ta biyu a mayar da ita Access Point, ta daina rabon lamba, ta tsaya ga miƙa sigina kawai. Lambar da ta fara da 169.254 kuwa tana nufin na'urar ba ta ma samu rawutar ba. Haka nan wayifan baƙi, wanda gidajen da ke yawan saukar mahajjata kan buɗe, da gangan aka tsara shi ya hana na'urori ganin juna. Firintoci masu sauƙin kuɗi da yawa kuma 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, ba ruwansu da 5 GHz.

Akwai kuma firinta mai aiki jiya, yau ta ce ba ta nan. Wannan yawanci lamba ce ta sauya: an kashe rawuta an kunna, ta ba firinta sabon adireshi, kwamfuta kuma tana ta aika takardu tsohon wuri. A ware mata lamba ta dindindin a saitin rawuta, magana ta ƙare.

Idan hanya ta gyaru amma foldar da wata kwamfuta ta raba ta ƙi buɗuwa, sai a dubi Windows. Tana kasa kowace sadarwa gida biyu, Public da Private, kuma Windows 11 takan ɗauki sabon wayifai a matsayin Public, wato ta ɓoye kanta kamar tana filin jirgin Sarki Abdul'aziz. A mayar da ta gida Private, a kunna gano na'urori da raba fayil da firinta. Sunan da kalmar sirrin da za a tambaya na kwamfutar da ke riƙe da foldar ne, kuma lambobin PIN da ake buɗe ta da su kullum ba sa shiga a nan. Masu neman HomeGroup, wanda ya zo da Windows 7 a 2009, su daina wahala, Microsoft ta cire shi tun 2018.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne gidan da sabuwar kwamfuta ta tarar da tsohuwa. Tun 2017 Microsoft ta fara sakin Windows 10 ba tare da SMB1 a kunne ba, tsohuwar ƙa'idar raba fayil wadda cutar WannaCry ta bi ta cikinta a watan Mayun shekarar ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150. A 2021 aka gano ɓarakar PrintNightmare a sashen buga takardu, gyare-gyaren da suka biyo baya kuma suka jefa masu raba firinta cikin saƙon kuskure mai lamba 0x0000011b. Windows 11 ta 24H2 ta ƙara ɗaure ƙofa, har wasu tsofaffin akwatunan ajiyar fayil da ake shiga ba kalmar sirri suka daina buɗuwa.

Bidiyon YouTube cike suke da dabarar warware waɗannan: a kunna SMB1, a kashe katangar tsaro, a taɓa rajista. Dabarun suna aiki, shi ne ma haɗarinsu. Mazaunin Saudiyya bai kamata a yi masa dogon bayani ba. A watan Agustan 2012 cutar Shamoon ta goge kwamfutoci kimanin 30,000 na kamfanin Aramco, kuma ta ƙofofin raba fayil na cikin gida ta riƙa tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Kwamfutar gida ba ta da rijiyar mai, amma tana ɗauke da hoton igama, fasfo, da takardun banki na iyali duka. Mai gyaran da ya ce a kashe katanga a bar ta a kashe, nema wa kansa sauƙi yake yi. A kashe ta na minti ɗaya don gwaji, a mayar, wannan daban.

Abin da ya fi, idan firinta tana da wayifai ko ramin kebul na sadarwa, a jona ta kai tsaye da rawuta, kowace kwamfuta ta kama ta da lambarta, kada a ratsa ta cikin wata. Ta haka wayoyin gidan ma za su same ta: iPhone ta AirPrint, masu Android ta Mopria ko manhajar buga takardu da ke cikinsu. Tsohuwa mai kebul na USB kaɗai ita ce sai da uwar ɗaki, kuma dole kwamfutar da take jone da ita ta kasance a kunne, ba tana barci ba. Kafin a yanke hukuncin sayen sabuwa, a leƙa bayan rawuta, domin wasu suna da ramin USB da ke iya ɗaukar firinta su raba wa gida.