Tsohon Inji da Hannun Baƙo

A cikin abubuwan da mai barin gida kan yi wa tanadi kafin ya tsallaka teku, da biza, da kuɗin jirgi, da sunan ɗan'uwan da zai sauke shi, ba mu taɓa jin wanda ya yi tanadin sanin shekarun injin da za a tsayar da shi a gabansa ba, alhali kuwa a jihohi da dama na ƙasar Amurka wannan lissafi ne ke yanke hukunci, ranar da tsautsayi ya auku, ko mutum na da ikon kai ƙarar maƙerin injin, ko kuwa an rufe masa ƙofar kotu tun bai sauka ƙasar ba. Mas'alar ta shafi jama'armu ƙwarai, domin 'yan Nijar da suka yi zango a Greensboro ta jihar Carolina ta Arewa, Hausawansu da Zabarmawansu, da 'yan'uwansu na Bronx da na Houston, da yawansu ba a ofis suka fara neman abinci ba. A masana'antu suka fara, da rumbunan kaya, da gidajen gyaran kaji, da na burodi, da na wanki, wuraren da inji kan girmi mai aiki da shi.

Wa'adi iri biyu ne a shari'arsu. Na farko ana lissafa shi daga ranar da aka ji rauni, shekara 2 a Texas, shekara 3 a New York da Carolina ta Arewa, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da shi, tun da mai haƙƙi ya san haƙƙinsa, an kuma ba shi lokacin nema. Na biyun shi ne abin dubawa, domin lissafinsa yana farawa ne daga ranar da aka fara sayar da injin, ko ma'aikacin yana ƙasar ko yana goye a bayan uwarsa a Maraɗi. A Carolina ta Arewa shekara 12 ce tun 2009, kafin nan 6 kacal. A Ohio da Indiana da Georgia 10. A Texas 15. New York kuwa ba ta da irin wannan wa'adi a kan kayan ƙira. Saboda haka 'yan'uwa biyu, ɗaya a Bronx ɗaya a Greensboro, in injin matsa ƙarfe iri ɗaya mai shekara 20 ya datse musu yatsu a rana ɗaya, na farko alƙali zai saurari da'awarsa, na biyu za a sallame shi ba tare da an duba ko injin na da aibi ba.

Mai karatu zai ce, to, ya kai ƙarar ubangidansa mana. A nan ne ƙullin yake. Tsarin diyyar ma'aikata, wanda kusan kowace jiha ta wajabta, ciniki ne da aka ƙulla tun farkon ƙarni na 20: inshora za ta biya kuɗin asibiti da wajen kashi biyu cikin uku na albashi ba tare da an tambayi wane ne mai laifi ba, shi kuma ma'aikaci ya sarayar da ikonsa na gurfanar da ubangidansa. Ba a biyan raɗaɗi, ba a biyan baƙin cikin nakasa. Cikakkiyar diyya, in akwai ta, tana wajen maƙeri, ga shi wa'adi ya shiga tsakani. Wanda ke ciyar da gida biyu, ɗaya a can ɗaya a Damagaram ko Kumasi, shi ya san nauyin sulusin da ya ɓace.

Adalci ne a faɗi hujjar maƙera, domin ba ta banza ba ce. Suna cewa inji in ya shekara 30 ya bi hannu uku ko huɗu, an sake masa kayan ciki, wani ma ya cire shingen kariyarsa don aiki ya yi sauri, waɗanda suka zana shi sun mutu, takardu sun ɓace. Ta yaya za a ɗora musu lamunin abin da ya fita hannunsu tun zamanin iyayensu? Da wannan hujja suka samu dokar tarayya ta 1994 mai wa'adin shekara 18 a kan ƙananan jiragen sama. A 1996 majalisar dokokin Amurka ta zartar da doka mai faɗi wadda ta ƙunshi wa'adin shekara 15, Shugaba Clinton ya hau kujerar na ƙi. A 2000 majalisar wakilai ta amince da wa'adin shekara 18 a kan injunan wurin aiki, bisa ƙudurin Steve Chabot na Ohio, amma bai zama doka ba, lamarin ya ci gaba da zama a hannun jihohi.

Duk da haka zuciyata ba ta natsu da hujjar maƙera ba, kuma dalilina daga fiƙihun da muka tashi a kansa yake. Malamanmu na Malikiyya ba su jahilci wa'adi ba: babin hauzi yana cikin Risala da Tuhfa, inda aka hukunta cewa wanda ya riƙe gida shekara 10 yana tasarrufi da shi, ba a sauraron mai da'awa a kansa bayan nan. Amma dubi sharuɗɗan da suka gindaya, sai mai haƙƙin ya kasance yana nan, yana gani, yana sane, ya yi shiru ba da wani uzuri ba. Shirunsa ne aka mayar shaida a kansa. Ma'aikacin da muke magana a kai bai yi shiru ba, don ba shi da abin faɗa kafin ranar da injin ya kama shi, haƙƙinsa ya faɗi tun bai wajaba ba. Kotun ƙolin Ohio ta fuskanci wannan a 2008, a shari'ar Groch da kamfanin General Motors: ta tabbatar da ingancin dokar wa'adin shekara 10 ta jihar, sai dai ta kuɓutar da shi mai ƙarar, saboda rauninsa ya auku a watan Maris na 2005, 'yan makonni kafin dokar ta fara aiki. Da injin ya jinkirta wata biyu, da bai samu ko sauraro ba.

'Yan'uwanmu na Turai ma ba su tsira ba. Dokar Tarayyar Turai ta 1985 da ta Ingila ta 1987 duk sun yanke shekara 10, ko da yake a Ingila ƙofar ƙara kan sakaci tana nan buɗe, sabuwar dokar Tarayyar Turai ta 2024 kuma ta tsawaita wa'adin zuwa 25 ga cutar da ba ta bayyana sai a hankali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wa'adin da ba mu da iko a kansa sau da yawa muna haɗa shi da wanda muke da iko a kansa mu zubar. Mutum ya ji rauni, ya ce ƙaddara ce, wanda gaskiya ne, sa'an nan ya ɗaure hannu ya koma aiki, don kunya, ko tsoron kora, ko fargabar takardu, har kwana 30 na sanar da ubangida a rubuce su wuce, shekara 2 na neman diyyar ma'aikata su bi bayansu, kamar yadda dokar Carolina ta Arewa da ta New York suka ƙayyade. Imani da ƙaddara bai hana Shari'a sanya raƙuma goma a kan kowane yatsa ba, kuma a mafi yawan jihohi rashin takardar zama ba ya hana diyyar ma'aikata. Ya kamata limamai da shugabannin ƙungiyoyinmu su faɗi wannan bayan sallar Juma'a, su kuma koya wa sabon zuwa ya duba ɗan allon ƙarfen da ke jikin inji, ya ɗauki hoton sunan maƙeri da lamba da shekara, domin lauya zai fara tambayar su. Ko da injin ya haura wa'adi, ana iya bin wanda ya sabunta shi, ko kamfanin da ke masa gyara, ko mai sabon ƙarfen da ya karye, gwargwadon dokar kowace jiha.