A Ƙafa Daga Butre Zuwa Princes Town: Duwatsun Wuta Da Ganuwowin Turawa

Idan aka ce bakin teku, yawancinmu a Suame da Aboabo da Asawase ba abin da ke faɗo mana a rai sai Cape Coast da Elmina, inda makarantu kan loda yara a mota su je su wuni su dawo. Alhali kuwa yamma da Takoradi, a ƙasar Ahanta, akwai wata gaɓa wadda ba a saninta sosai sai an taka ta da ƙafa. Daga Butre zuwa Princes Town tafiyar kwana uku ce ga wanda ba ya gaggawa, ana bin rairayi da duwatsu da gonakin roba, ana ratsa ƙauyukan masunta, ana wuce ganuwowi huɗu da Turawa suka gina fiye da shekara 300 da suka wuce. Mun taka wannan hanya a lokacin rani, mun kuma ga ya kamata mu ba masu karatu labarinta.

Daga Kumasi sai mutum ya shiga motar Takoradi, daga nan ya kama ta Agona Nkwanta, wadda ita ce mararrabar duk garuruwan gaɓar. A Agona ake samun tasi ko ƙaramar bas zuwa Butre.

Bari mu fara da dutsen kansa, don shi ne zai fara cin takalminka. Wanda ya sauka bakin ruwa a Butre lokacin da teku ta janye zai ga duwatsu baƙaƙe masu ɗan kore-kore, waɗansu a dunƙule kamar an jibge matasan kai bisa juna. Wannan aman wuta ne. Masana duwatsu sun ce narkakken dutse ne ya ɓullo daga ƙarƙashin wata tsohuwar teku kimanin shekara miliyan 2,100 zuwa 2,200 da suka shuɗe. Da zarar ya taɓa ruwan sanyi sai bayansa ya daskare ya yi ɓawo, cikinsa kuwa yana nan a narke, sai ya fasa ɓawon ya sake kumburo wani dunƙulen. Haka dunƙule ya riƙa hawa kan dunƙule. Daga baya zafi da matsin ƙasa suka gasa shi har ya ɗauki launin da muke gani yau. Ana kiran wannan jerin duwatsu Birimian, daga sunan kogin Birim.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne dutsen bai tsaya a bakin teku ba. Ya miƙe arewa maso gabas ta wajen Prestea da Obuasi har Konongo, kuma a cikinsa da gefensa ne zinariyar Asante take. Wato baƙin dutsen da ke yanka tafin ƙafar masunci a Butre ɗan'uwan wanda ake fasawa ne a ramukan Obuasi, inda 'yan'uwanmu da dama suka ci abinci. Kada mai karatu ya tsorata, babu dutse mai aman wuta da ke raye a Gana. Ko tafkin Bosomtwe da waɗansu ke cewa bakin irin wannan dutse ne, ba haka ba ne: wani dutse ne ya faɗo daga sama kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce ya haƙa shi. Mai son ganin dutsen da ke aman wuta a zamaninmu sai ya je Kamaru, inda babban dutsen Buea ya yi amai a 1999 da 2000.

Zinariyar nan ce ta fara jawo Turawa. A kan tudun da ke bisa Butre akwai kangon ganuwar Batenstein, wadda mutanen Holan suka gina a 1656, shekarar da suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Ahanta. Hawan yana sa haki, amma daga sama ana ganin kogi yana shiga teku, ga jiragen masunta jere da tutoci. Yarjejeniyar ba ta hana jini zuba ba. A 1837 rikici ya ɓarke tsakanin Holan da Sarkin Ahanta Badu Bonsu na Biyu, har aka kashe muƙaddashin gwamnansu. A 1838 Janar Jan Verveer ya zo da sojoji, aka rataye sarkin, aka yanke kansa aka tafi da shi Turai a cikin kwalba. Kan ya zauna a wani asibitin jami'a a Leiden har 2009, lokacin da aka damƙa shi ga wakilan Ahanta suka dawo da shi gida.

To, a nan ne labarin ya taɓo mu. Wannan Verveer ɗin shi ne ya zo Kumasi a farkon 1837 ya yi yarjejeniya da Asantehene Kwaku Dua na Ɗaya, cewa za a ba Holan mutane su yi musu soja a tsibirin Java, su kuma su biya da bindigogi. Da yawa daga waɗanda aka tura ba Tonawa ba ne, mutanen Arewa ne da aka kamo ko aka sayo, irin waɗanda Tonawa ke kira odonko. Tsakanin 1831 da 1872 kimanin mutum 3,000 aka kwashe daga wannan ƙasa zuwa can. Mu 'yan Zango mun saba ba da tarihinmu ta bakin fatake, ayarin goro da jakuna daga Kano zuwa Gwanja, kuma gaskiya ne. Amma kasuwar Salaga ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba. Cikin kakanninmu akwai wanda ya sayar, akwai wanda aka sayar, akwai kuma wanda ya ɗauki bindigar Bature, kamar dakarun Hausa da Kyaftin Glover ya zo da su daga Ikko a yaƙin 1873 zuwa 1874. A ganinmu yaron Zango da ya tsaya a ƙofar ɗaya daga cikin waɗannan ganuwowi ba baƙo ba ne mai kallon tarihin waɗansu.

Daga Butre ana bin gaɓa zuwa Busua, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Busua garin masu yawon buɗe ido ne, ga masaukai ga samari masu hawan igiyar ruwa a kan allo. Ba mu daɗe ba. Ɗan tudu kaɗai ya raba ta da Dixcove.

Dixcove gari ne na kifi, kana jin warin hayaƙin banda tun kafin ka shiga. Farar ganuwar da ke kallon mashigin ruwan Ingilishi ne suka gina ta a shekarun 1690. A 1868 suka yi musayar ganuwowi da Holan ba tare da shawartar mutanen gari ba, Holan suka sa mata suna Metalen Kruis, bayan shekara huɗu kuma ta koma hannun Ingila, sunan Metal Cross ya bi ta. Nan dutsen ya canja, ya zama manyan ƙwallaye masu haske da tsakuwa-tsakuwa a jiki. Wannan narkakken dutse ne da bai samu fitowa ba, ya huce sannu a can ƙarƙashi. Har yau masana na kiran irinsa da sunan Dixcove ko da a wani yanki na ƙasar suka same shi.

Rana ta biyu ita ce mai wuya. Tsakanin Dixcove da Akwidaa rairayin yana da laushi, ƙafa na nutsewa, inuwa sai ta kwakwa. Inda dutse ya shiga teku dole a hau ta bayansa ko a jira ruwa ya janye. Masunta sun san lokacin cikowa da janyewa, a tambaye su kafin a tashi. Dutsen da ya jiƙe yana da santsi kamar an zuba masa baƙin man inji, busasshen kuma yana da kaifi. Silifa ba ta yi, sai takalmi mai igiya da ƙasan roba. Kuma muna roƙon samarinmu da babbar murya: wanda iyonsa bai wuce na kududdufi ba kada ya shiga wannan ruwa ya wuce gwiwa, domin akwai ja a ƙarƙashi wanda ba a gani daga waje. Tun 2011 wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa takan taru a gaɓar nan a wasu watanni, tana wari, tana cika tarun masunta. Ledoji da robobin ruwa kuwa ba a magana.

A Akwidaa daji ya kusa cinye ɗan abin da ya rage na ganuwar Dorothea, bishiyoyi sun fasa bangon da saiwoyinsu. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa ganuwowin Gana cikin kayan tarihin duniya, amma kulawar da Elmina ke samu ba ta iso nan ba.

Daga Akwidaa awa biyu ta kai mu Cape Three Points, ƙarshen Gana ta kudu. Hasumiyar fitilar da ke yi wa jiragen ruwa jagora an gina ta a 1925, kusa da kangon ta farko ta 1875. A ƙasanta igiyar ruwa na dukan baƙin dutse, kumfa na tashi sama da tsayin mutum. Kimanin kilomita 60 cikin teku daga nan ne rijiyoyin man Jubilee suke, waɗanda aka gano a 2007 aka fara hakowa a Disamba 2010. Mutanen ƙauyen dai har yanzu kifi da rogo da kwakwa ne abincinsu.

Zangon ƙarshe shi ne Princes Town, wadda 'yan ƙasa ke kira Pokesu. A ranar 1 ga Janairu 1683 Jamusawan Brandenburg suka kafa tutarsu a kan tudun nan, suka gina Gross Friedrichsburg, kamfaninsu kuma ya yi jigilar dubban bayi zuwa tsibiran Amurka. Da cinikin ya ƙi, sai suka sayar wa Holan da ganuwar a 1717. Amma wani attajiri ɗan ƙasa, John Konny, ya ce ba a sayar da ƙasar da ba ta mai sayarwa ba ce. Ya riƙe ganuwar da mayaƙansa, ya kori Holan da suka zo karɓa, bai fita ba sai 1724. Mutane da yawa na danganta bikin Junkanoo na Jamaika da Bahamas da sunansa.

Wanda zai yi tafiyar ya zaɓi tsakanin Nuwamba da Maris, don ruwan Mayu da Yuni a wannan yanki ba wasa ba ne. Ya tashi bayan asuba, ya huta da tsakar rana, ya riƙe ruwan sha da yawa da garin rogo da ƙuli, kifi kam zai samu ko'ina. A kowane ƙauye a gai da manya kafin a wuce, a ɗauki ɗan gari ya nuna hanya a inda ta shiga daji, a kuma nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa. Daga Princes Town akwai motar da ke komawa Agona Nkwanta, sai dai ba ta tashi sai ta cika.