Karen Gadi Ba Ragon Layya Ba Ne

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa leƙa Muwailih, babbar kasuwar dabbobi da ke yammacin Umdurman a ƙasar Sudan, ya san ƙiba kuɗi ce. Rago ko sa, da zarar ya yi kitse sai farashinsa ya ɗaga. Abin takaici, da wannan idon da yawanmu muke kallon karen da ke gadin shago ko sito, alhali shi ba yanka shi za a yi ba.

Idan ba a manta ba, Kasuwar Umdurman ta sha gobara da wawaso bayan yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Wanda zai sake zuba jari a irin wannan wuri, tsaro ne farkon abin da ke ransa, wani kuma kare zai nema. To amma me ake zuba masa? Ragowar asida da kisra, miya mai maiƙo, kitsen da mahauta suka yar, ga shi kuma ɗaure da sarƙa wuni guda. Albasar da ke cikin miyar ma kaɗai tana lalata masa jini.

A watan Mayu zafin Hartum yakan haura digiri 40. Kare kuwa ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi. Idan kitse ya danne shi, numfashi ya yi nauyi, gaɓoɓi su yi ciwo, ina zai iya bin ɓarawo?

Wani bincike da kamfanin Purina ya yi a Amurka, aka wallafa a shekarar 2002, ya bi karnuka 48 tsawon rayuwarsu. Waɗanda aka rage wa abinci da kashi 25 cikin ɗari sun fi 'yan'uwansu daɗewa da kusan shekara biyu.

Gane ƙibar ba wuya. Idan an shafa gefensa ya kamata a ji haƙarƙari. Wanda ba ya son taɓa kare, ya dube shi daga sama: in babu shigar ƙugu, kitse ya yi yawa.

A ganinmu laifin na mai shi ne, domin a kasuwa kowa jefa wa kare abu yake yi, daga mai shayi har yaron shago. Maigida ya ware mutum ɗaya da zai riƙa ba shi abinci a kwano ɗaya, safe da yamma, da ruwa a inuwa, a kuma kwance shi ya zagaya idan an tashi kasuwa.