Ruwan da ba a sha ba, amma aka biya kuɗinsa

Duk ƙarshen wata, a gaban ma'aikatar ruwa ta Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, ba a rasa magidanci riƙe da faktir yana huci: kuɗin da ya saba biya sun ninka uku, alhali bai ƙara aure ba, bai yi baƙi ba. Tun zamanin SNE, zuwa SEEN da ta karɓi aikin a 2001, har NDE da ta gaje ta a 2024, zargin guda ne: kwantar ta yi ƙarya. Wani lokaci akan sami kuskure wajen ɗaukar lamba, shi ya sa ya kamata a fara gwada lambar da ke kan takarda da wadda ke kan kwantar. Amma sau da yawa ɓarawon yana cikin gida, ƙarƙashin sumunti.

Ka'idar kuwa ba ta da tausayi. Ɓarnar da ta auku tsakanin titi da kwantar, ta kamfani ce. Wadda ta auku bayan kwantar, ta mai gida ce, ko da ɗigo ɗaya bai shiga randarsa ba. Ga shi kuma farashin ruwa hawa-hawa ne: matakin farko yana da rahusa don talaka, na sama sun fi shi tsada sosai. Yoyo yakan tura gida daga mataki na ƙasa zuwa na sama, sai kuɗi su fi ruwan da ya zube saurin hawa.

Lissafin mai sauƙi ne ga ɗan kasuwa. Ɓular da ke zubar da lita 1 cikin minti 5 tana zubar da lita 288 a kwana, wato lita 8640 a wata. Bido 345 ke nan masu cin lita 25. Ɗan garuwa zai daɗe yana turi kafin ya kai su.

Shaidar da ta fi kowace ita ce kwantar kanta. Baƙaƙen lambobinta suna ƙirga dubban lita, jajayen suna ƙirga ƙananan, kuma a yawancinsu akwai wani ɗan tauraro da ke juyawa da zarar ruwa ya motsa. Mai gida ya rufe duk famfunan gida, ya tsaya ya dube shi. In yana juyawa, magana ta ƙare. In yoyon ƙarami ne har ido bai gani, sai a rubuta lambar bayan sallar isha'i, a hana kowa taɓa famfo, a sake dubawa da asuba kafin alwala. Sharaɗi ɗaya ne: a yi gwajin a daren da ruwa yake zuwa, domin tiyon da babu ruwa ba ya yoyo.

Daga nan sai neman wurin. A gidajen ma'aikata, wanda aka fi kamawa da laifi shi ne tankin ban-ɗaki na zamani. Robarsa takan bushe, ruwa ya riƙa silalewa dare da rana ba ƙara. A zuba bula kaɗan cikin tankin, a jira minti 15 ba tare da an ja ba. In shuɗi ya bayyana a ƙasa, an kama shi. Na biyu shi ne tankin ajiya, wanda ƙwallonsa in ya lalace sai ya cika ya yi ta ambaliya da tsakar dare. A Damagaram, inda ƙamfar ruwa ta daɗe, akwai wata al'ada mai tsada: a bar famfo buɗe ana jiran ruwa, barci ya kwashe mai jira, ruwa ya zo ƙarfe uku na dare.

Mafi wuya shi ne tiyon da ke binne. Ƙasa mai rairayi irin ta Maraɗi tana shanye ruwa, ba ta barin taɓo a sama. Sai dai alamu: gindin katanga mai damshi a watan Afirilu, fenti yana kumbura, ciyawa shar a kusurwa ɗaya, tururuwa ko gara sun tare wuri. Masu gyaran famfo sukan ɗora kan sanda ta ƙarfe bisa tiyo, su kara kunne a ɗaya kan, da dare in gari ya yi tsit.

A nan ne ake asara ta biyu. Wani mai gyara, da zuwansa sai ya nemi diga ya fara fasa tsakar gida. Wanda ya san aikinsa yakan fara rufe makullan ruwa ɗaya bayan ɗaya, na kicin, na ban-ɗaki, na waje, yana duban tauraron, har ya gano reshen da in an rufe shi kwantar ta tsaya. In tsohon tiyon ƙarfe ne da tsatsa ta ci, faci ba ya daɗewa. Sau da yawa jan sabon tiyo ta gefen bango ya fi tono araha. A gidan haya mai kwantar ɗaya kuwa, gara a rubuta lambar gaban mai gida da ƴan haya tun kafin a kira mai gyara.