Abin da ake koya wa ɗalibi kafin a damƙa masa amanar mai ciwon damuwa

A asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, akwai ma'aikata iri biyu da jama'a kan ɗauka duk ɗaya ne. Na farko shi ne likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya karanta aikin likita kuma yake rubuta magani. Na biyu shi ne masanin halayyar ɗan'adam mai duba marasa lafiya, wanda ba ya ba da ƙwaya ko allura. Kayan aikinsa su ne tambaya da gwaji da zaman tattaunawa.

Wasu na ganin aikin nasa nasiha ce da duk mai daɗin baki zai iya. Amma ko digirin farko a fannin bai isa ya sa a bar mutum da majinyaci ba. A Najeriya sai ya yi digiri na biyu a jami'o'i irin su Ibadan ko Jos, sannan ya yi aikin koyo a asibiti a ƙarƙashin wanda ya riga shi ƙwarewa. A Birtaniya kuwa digirin digirgir ne na shekara uku.

Tushen tsarin

Lightner Witmer ne ya buɗe ɗakin duba masu matsalar halayya na farko a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka a 1896. Bayan yaƙin duniya na biyu, da sojoji suka koma gida cikin firgici, masana sun yi taro a garin Boulder a 1949. Suka tsaida cewa dole ɗalibi ya iya duba majinyaci, ya kuma iya bincike. Har yau jami'o'i da dama kan wannan tsari suke.

Ƙwarewar da ba makawa

Ta farko ita ce tantancewa. Ɗalibi zai koyi ɗaukar tarihin mutum: barcinsa, cin abincinsa, zaman gidansa, da ko yana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Zai koyi gwaje-gwaje, daga PHQ-9 mai tambaya 9 kan yanayin mutum cikin mako biyu da suka wuce, zuwa MMPI-2 mai tambaya 567. Zai kuma koyi tambayar da mutane suka fi gudu: ko kana tunanin kashe kanka? Dole ya yi ta kai tsaye, ba tare da razana ba.

Ta biyu ita ce fahimtar tushen matsala. Sanya wa ciwo suna bai wadatar ba. Sai ya gano abin da ya share wa ciwon fage, abin da ya tayar da shi, abin da ke ciyar da shi, da kuma ƙarfin da ya rage wa mutum. Mata biyu na iya zuwa da rashin barci, ɗaya bayan haihuwa, ɗaya bayan harin 'yan bindiga a ƙauyensu. Maganinsu ba zai zama ɗaya ba.

Ta uku ita ce jinya. Hanyar da aka fi koyarwa ita ce CBT, wadda Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Tana koya wa mutum kama tunanin da ke dagula masa rai, ya auna shi da hujja, sannan ya tunkari abin da yake tsoro sannu a hankali. Wanda ya daina zuwa kasuwa bayan tashin bam ba a tura shi can rana ɗaya. Daga ƙofar gida ake farawa.

Ta huɗu ita ce amana. Ba a fara jinya sai da yardar majinyaci, ba a kuma kai sirrinsa wurin miji ko uba ko maigida. Iyakar wannan ita ce idan rayuwarsa ko ta wani na cikin haɗari.

Duk waɗannan ba a aji ake ƙware su ba. Ɗalibi kan zauna da mai kula da shi a kai a kai, a bi abin da ya faɗa wa majinyaci, a nuna masa inda ya yi gaggawa ko ya ɗora ra'ayinsa.

Harshe da al'ada

Yawancin gwaje-gwajen nan da Turanci aka rubuta su, a kan Turawa aka auna su. Bahaushe kuwa da wuya ya ce yana da ciwon damuwa. Sai dai ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko kansa na zafi, ko an yi masa sammu. Ɗalibin da bai iya jin abin da ke bayan waɗannan kalmomi ba zai yi kuskure, ko da ya haddace littafi.

Najeriya na da nata darasin. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin Aro a Abeokuta, inda majinyata ke zama a ƙauyukan kusa da asibiti tare da danginsu, ana kuma aiki da masu maganin gargajiya.

A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta tanadi haƙƙoƙin majinyata. Amma doka ba ta zama da majinyaci. Mutum ne ke zama. Saboda haka kafin iyali su miƙa ɗansu ga wani mai kiran kansa ƙwararre, haƙƙinsu ne su tambaye shi inda ya yi digiri na biyu, asibitin da ya yi aikin koyo, da wanda ya kula da shi.