Motsa Jiki a Matsayin Kiyaye Amana: Duba ga Jega, Aliero da Maiyama

Malaman usulu sun lissafa kiyaye rai cikin manufofi biyar na shari'a, kuma kula da lafiyar jiki reshe ne na wannan manufa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda garuruwan nan uku suke cikin masarautarsa ta Gwandu, ya haɗa maslahar addini da ta jiki a sunan littafinsa Masalihul Insan. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana Abdullahi ɗan Amru tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, saboda jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Abu Dawuda kuma ya ruwaito tseren da Annabi ya yi da Nana A'isha.

A da, sana'a ce take biyan wannan haƙƙi. Manomin albasa a Aliero, da mai aikin fadama a Maiyama, da ɗan dako a kasuwar Jega ba sa buƙatar filin wasa. Mata na daka da ɗibar ruwa, yara na langa da gaɗa. Yanzu babur ya rage tafiyar ƙasa, injin niƙa ya karɓi aikin turmi, ɗan kasuwa yana wuni zaune a shago, ɗalibi a aji. Sauƙin ni'ima ne, amma yawan zama yana buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon suga.

A ƙa'idojinta na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 na motsi kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17, da minti 150 zuwa 300 a mako ga manya. 'Yan 65 zuwa sama su ƙara da atisayen da ke hana faɗuwa, kwana uku a mako. Masu ɗorin Aliero sun san wahalar karayar tsoho.

Bibiyar wannan ba ta buƙatar na'ura. Wanda masallacinsa yake da nisan minti biyar, in ya taka da sauri zuwa da dawowa sau biyar, ya sami minti hamsin a yini. Sai dai ya fita da wuri, domin an hana zuwa salla da gaggawar da ke kore natsuwa. Dattijon da ya fara kasa miƙewa daga sujada sai da dafa bango, shari'a ta yarda ya yi salla a zaune, amma iyalansa su ɗauki hakan alamar kai shi asibiti.

Saboda haka, ya kamata limamai su shigar da batun cikin huɗuba, makarantun Islamiyya su keɓe lokacin wasa, magidanta kuma su sama wa matansu halin motsa jiki cikin sutura.