Tsaron Gida a Garinmu Badagry

Ni ɗan Badagry ne, wani gari a bakin teku a Jihar Legas, kusa da Seme, iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Abokaina sukan tambaye ni ko garin yana da hatsari, saboda labarin 'yan fasa-ƙwauri da suke ji. Gaskiyar magana, abin da ya fi damun mutanen unguwarmu shi ne sata a gidaje: waya, janareta, injin kwale-kwale da komar masunta.

Me yake jawo haka? Na farko, masunta sukan fita da dare ko da asuba, 'yan kasuwa kuma su wuce Seme, a bar gida ba kowa. Sau da yawa ɓarawon ya san lokacin fitar mai gida. Na biyu, iskar teku tana ɗauke da gishiri, shi ya sa kwaɗo da ƙarfen taga suke saurin yin tsatsa. Ranar da aka shiga gidan kawuna, bugu ɗaya aka yi wa kwaɗon ya karye.

Saboda haka, a riƙa sa wa kwaɗo mai, a canza shi idan tsatsa ta ci shi. A sanar da amintaccen maƙwabci kafin tafiya, a haɗa kai da 'yan sintirin unguwa. Idan abu ya faru, a kira 112 ko 767. Wanda aka kama kuma a miƙa shi ga 'yan sanda, ban da duka.

Rigakafi dai ya fi magani.